Zauren Matafiya: Kufan Maya da Rijiyoyin Yukatan a Yini Ɗaya

Wasiƙun wannan wata a kan Meksiko suka taru, galibinsu kuma a kan abu guda: yawon nan na yini ɗaya da ake haɗa ziyarar kufan mutanen Maya, tsohuwar al'ummar yankin Yukatan, da iyo a rijiyoyin dutse da ake kira senote. Na zaɓi biyar, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni Bazazzagiya ce, ina aure a Houston ta Amurka. Maigidana ya yankar mana tikitin Kankun na kwana 5 a hutun Disamba, mu da yara uku. Otal ya turo mana tallar wani yawo: bas zai ɗauke mu da asuba zuwa Chichen Itza, a yi iyo a senote biyu, a ci abinci, a leƙa garin Valladolid, a dawo da mu da daddare. Na kuma ga wani a intanet a kan rabin kuɗin. Wanne za mu ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ajiye maganar kuɗi tukuna, ɗauki biro mu lissafa awoyi. Daga Kankun, garin bakin tekun da za ku sauka, zuwa Chichen Itza, kufan tsohon birnin Mayawa, kusan kilomita 200 ne, ya ɗan gaza Kano zuwa Kaduna. Ko ta babbar hanyar da ake biyan kuɗi, mai lamba 180D, sai an yi awa 2 da rabi. Zuwa da dawowa awa 5 kenan. Ƙara awa guda da bas zai ɓata yana bin otal-otal yana kwasar mutane, da wata awar ta sauke su da dare. Ragowar awa 5 ko 6 su za a yayyanka wa kufai, senote biyu, abinci da Valladolid. Za ki tarar an ba ku abin da bai kai awa 2 ba a wurin da kuka taso dominsa, minti 45 a ruwa har da tuɓewa da sa kaya, sai minti 30 a dandalin Valladolid, daidai a yi hoto a gaban coci a koma mota. Da yara uku, wahala ce kawai za ku saya da kuɗinku.

Shi kuwa mai rabin kuɗin, araha ba ta ado. A hanya suke fanshe abinsu. Za a tsaya da ku a wani ƙaton kanti mai rufin ciyawa a ce ƙauyen Maya ne, a yi muku dogon bayani a kan wani baƙin dutse mai sheƙi da sarƙar azurfa da za a zana sunan ɗanki a kai da rubutun Maya, kafin ki ankara awa ta tafi. Ɗan rakiya yana da la'adarsa a duk abin da aka saya. Sau da yawa kuma kuɗin shiga kufan ba ya cikin farashin da aka tallata, sai mota ta ɗau hanya a ce kowa ya kawo. Kuɗin shigar kashi biyu ne, ɗaya na hukumar kayan tarihi ta tarayya, INAH, ɗaya na gwamnatin jihar Yukatan, kuma na jihar ne mai nauyin. Duk wanda za ki ba kuɗinki, sa ya rubuto miki ƙarfe nawa za a isa ƙofar kufan, awa nawa za a yi a ciki, mutum nawa ne a motar, da ko kuɗin shiga da na rigar hana nutsewa suna ciki.

Da ni ce ke, ba zan ɗauki ko ɗaya ba. Zan cire dare ɗaya daga kwanakin Kankun in kwana a Valladolid. Bas-bas na kamfanin ADO suna zuwa can daga Kankun kullum, otal ɗin garin ma sun fi na bakin teku sauƙi. Daga Valladolid zuwa kufan kilomita 40 da 'yan kai ne, ƙananan motocin haya da suke kira kolektibo suna tashi tun da sassafe. Ana buɗe ƙofa ƙarfe 8, manyan bas-bas kuwa sai wajen 11 suke fara sauke mutane. Wurin yana karɓar baƙi sama da miliyan 2 a shekara, fili ne fetal ba inuwar kirki, don haka awoyin safiyar nan su ne ribar tafiyar. Ki guji Lahadi, ranar da 'yan ƙasa ke samun rangwamen shiga, cunkoso ya fi yawa. Ki kuma lura da agogo: Kankun tana jihar Kintana Ro, wadda take gaban jihar Yukatan da awa ɗaya. In wayarki ba ta sauya da kanta ba, za ki iya rasa mota ko ki yi salla kafin lokaci.

A bakin ƙofa akwai 'yan rakiya masu katin shaida, masu jin Turanci da Faransanci. Ki ɗauki ɗaya, ku yi ciniki kafin a shiga. Ba tare da shi ba tulin duwatsu kawai yara za su gani. Zai tsayar da ku a gaban babbar dalar Kukulkan, mai tsawon mita 30 in an haɗa da ɗakin da ke samanta, ya sa yara su lissafa: matakala 91 a kowane ɓangare huɗu, 364, a ƙara dandamalin sama ya zama 365, adadin kwanakin shekara. Zai sa ku tafa hannu a gaban matakalar, amsa-kuwwar ta dawo da wani kuka mai kama da na tsuntsun ketsal da Mayawa suke girmamawa. An hana hawa dalar shekaru da dama, mai taurin kan da ya haura sai ya sha kamu da tara, don haka ki riƙe autanki. Inuwar nan mai siffar maciji da ke gangarowa a gefen matakala sai wajen 21 ga Maris da 22 ga Satumba take fita, a Disamba ba za ku gan ta ba, kada wani ya yi muku alkawari. Ku kuma ga filin ƙwallo mai tsawon mita 168, inda ake buga ƙwallon roba mai nauyi da ƙugu. Zanen da ke jikin bangonsa yana nuna an sare kan wani ɗan wasa, ki yanke shawara tun da wuri ko ƙananan za su tsaya a wurin.

Abin da masu gaggawa suke tsallakewa, ni kuma nake ganin shi ne tushen labarin, yana arewa da dalar. Wata tsohuwar hanyar dutse mai tsawon mita 300 za ta kai ku bakin wani rami mai faɗin mita 60, ruwansa kore can ƙasa. Wannan ita ce Senote Mai Tsarki. Arewacin Yukatan ba shi da kogi ko ɗaya a doron ƙasa, saboda haka inda ramin ruwa yake nan gari yake kafuwa. Chichen Itza a kan irin waɗannan ramuka ta zauna: daga ɗaya, mai suna Xtoloc, suke ɗibar ruwan sha, wannan kuma suka keɓe wa Chaak, abin bautarsu na ruwan sama. Daga 1904 wani ƙaramin jakadan Amurka, Edward Thompson, wanda ya sayi gonar da kufan ke ciki, ya shafe shekaru yana yasar ramin. Ya fito da zinari, da koren dutse mai daraja, da dunƙulen turaren wuta, da ƙasusuwan mutane, manya da yara. Mafi yawan kayan ya aika da su gidan tarihin Peabody na jami'ar Harvard, abin da Meksiko ta daɗe tana ƙorafi a kai. A 2015 kuma masu bincike na jami'ar UNAM ta Meksiko suka sanar cewa ita kanta babbar dalar a kan wani kogon ruwa take zaune. Ba a iyo a wannan ramin, kallo kawai ake yi.

In kun fito wajen 11, sai ruwa, kuma senote ɗaya ta ishe ku. Ik Kil ce mafi kusa, kilomita 3 kacal, ita ce mai saiwoyin nan da ke zubowa daga sama da kike gani a hotuna. Kyau kam tana da shi, amma nan kowane bas yake juye mutanensa bayan azahar. Ni na fi son Yokdzonot, kamar minti 20 a mota yamma da kufan, wadda ƙungiyar mutanen ƙauyen, galibi mata, suka gyara suke kuma tafiyarwa. Kuɗinki a hannun masu wurin yake tsayawa, hayaniya kuma kaɗan ce.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ɗanki ne daga Maraɗi, ina karatu a Kanada. Abokaina sun shirya zuwa, ni kuwa ban iya iyo ba ko kaɗan. Shin senote ɗin nan tafki ne ko me? Akwai haɗari?

AMSA: Ɗana, ba tafki ba ne. Ƙasar Yukatan shimfiɗar dutsen farar ƙasa ce mai shan ruwa. Ruwan sama yana tsiyaya ciki, yana cin dutsen a hankali har ya yi kogo, in rufin kogon ya rufta sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya bayyana. Akwai dubbansu. Wasu a buɗe suke, wasu ta wata 'yar kafa ake gangarawa da matakala. Da yawansu a haɗe suke ta ƙasa: a 2018 masu nutso suka gano cewa kogunan ƙarƙashin ƙasa na Sac Actun da Dos Ojos, kusa da Tulum, abu ɗaya ne mai tsawon kilomita 347. A wani rami na yankin aka tsinci ƙwarangwal ɗin wata yarinya a 2007, wadda ta rayu shekaru sama da 12,000 da suka wuce. Tunda ɗalibi ne kai, ga ƙari: a kewayen Merida, babban birnin jihar Yukatan, ramukan sun jeru kamar rabin zobe, suna bin gefen ramin Chicxulub, inda wani ƙaton dutse daga sama ya faɗo shekaru miliyan 66 da suka wuce, wanda masana ke dangantawa da ƙarewar dabbobin dinoso.

Haɗarin yana cikin tsabtar ruwan. Garau yake, sai ka ga kamar ƙasa tana kusa, alhali a Ik Kil zurfin ya haura mita 40, kuma ba gaɓar da za ka taka a hankali, daga matakala sai zurfi. Ka sa rigar hana nutsewa, ka ɗaure ta tamau, kada ka cire ko abokai sun yi maka dariya. A wurare da yawa ma dole ce. Yawanci akwai igiya da aka ja a kan ruwan, ka tsaya kusa da ita. Kada ka yi tsalle daga dandamali don ka ga wani ya yi. Ga wanda bai iya ruwa ba, Suytun kusa da Valladolid da Choo-Ha kusa da Koba sun fi dacewa, suna da wuraren da ƙafa ke taɓa ƙasa. Sanyin ruwan wajen digiri 24 zuwa 25 ne duk shekara, zai ɗan tsinka maka jiki da farko. Matakalun suna da santsi, ka sa takalmin roba mai kama ƙasa. Za a sa ka watsa ruwa kafin ka shiga, an kuma hana shafa man kare rana ko na sauro, domin ruwan nan shi ƙauyukan ke sha. Duwatsun da suka zuro daga rufin kogo ba a taɓa su. Shiga lungunan kogo da tukunyar iska kuwa aikin masu takardar horo ne, kada ka bari a ja ka.

TAMBAYA: Anti ina yini. Ni mai hijabi ce, zan raka mijina taro a Kankun. Ina son ganin wuraren, amma an ce ana yi wa baƙi wani tsafi kafin su shiga ruwa, abincin kuma duk alade ne. Gaskiya ne?

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya, kuma duka ana iya kauce musu. A wasu yawon, kafin a shiga senote, wani dattijo cikin fararen kaya zai tara baƙi, ya kunna turaren kopal, ya yi addu'a da harshen Maya yana neman izinin masu gadin ruwan a bisa imaninsu. Ba dole ba ne. Ki ja gefe cikin mutunci ki ce "no, gracias", ba wanda zai tsare ki. Kada dai a yi dariya ko shewa. Wanda ake yi wa baƙi gajere ne da aka tsara don kasuwa, amma a ƙauyuka har yau manoma suna taruwa roƙon ruwa irin na kakanninsu, ba wasa ba ne a wurinsu. Hukuncin ziyartar kufan da aka yi bautar gumaka a cikinsu kuwa na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da shi kafin ki tashi.

Abinci ne ya fi buƙatar sa ido. Sarkin girkin Yukatan shi ne cochinita pibil, naman alade da aka gasa cikin ganyen ayaba, kuma kusan kowane teburin 'yan yawo yana da shi. Poc chuc ma alade ne, haka longaniza ta Valladolid. Wanda ya fi ɓuya shi ne kitsen alade, manteca, da ake sawa a dakakken wake da tamales, wani abincin masara mai kama da alala, wani lokaci har a soya abu da shi. Ki riƙe kalmomi biyu: "sin puerco", ba alade, da "sin manteca", ba kitsensa. Kaza da talotalo suna nan amma ba yankanmu ba ne. Ni kifi nake nema, musamman gasasshen nan da suke kira tikin xic, ko papadzules, wato dafaffen ƙwai da aka naɗe cikin fanken masara aka zuba masa miyar 'ya'yan kabewa. In aka miƙo miki ɗan kofi aka ce na zuma ne mai suna xtabentún, giya ce. Barkononsu na habanero ɗan uwan attaruhu ne, ba zai ba ki tsoro ba.

Kayan iyo masu rufe jiki ban ga inda aka hana su ba, akwai kuma ɗakunan sauya kaya. Sai dai ki san maza da mata a haɗe suke, shigar mutane kuma ba irin tamu ba ce. Ƙaramar senote da sassafe, ko ku ɗauki mota da ɗan rakiya ku biyu kaɗai, shi ya fi. Ba masallaci a hanya, ki tafi da dardumarki. Alƙibla daga can arewa maso gabas take.

TAMBAYA: Hajiya, Tulum ko Koba? Yini ɗaya gare ni. Kuma ina Mayawan suka ɓace? Malamin makaranta daga Kumasi.

AMSA: Malam, ba su ɓace ba. Sama da mutum 700,000 suna jin harshen Maya na Yukatan a yau, mai yiwuwa direbanka ma da shi yake magana a gida. Manyan biranen ne aka watse daga cikinsu, da yawa tun kafin zuwan Sifaniyawa, sannan mulkin mallaka ya zo da nasa ɓarnar, har limamin coci Diego de Landa ya ƙona littattafansu a garin Maní a 1562. Tulum ƙaramin gari ne mai ganuwa a kan gaɓar teku, kilomita 130 daga Kankun, awa ɗaya ko biyu ta isa a zagaye shi, kyansa na hoto ne. Koba tana cikin daji, ana hayar keke a zagaya, dalarta Nohoch Mul ta kai mita 42, daga nan kuma wata farar hanyar dutse ta miƙe kilomita 100 zuwa Yaxuná. Malamin makaranta Koba ce tasa, da senote uku dab da ita.

TAMBAYA: Hajiya, gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwar zoɓo ne daga Jigawa. Abokan cinikina sun gayyace ni birnin Meksiko. Yaya batun biza, kuma zan iya ganin waɗannan wurare a yini ɗaya daga can?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kai ne ma ka fi kowa alaƙa da ƙasar, tunda Meksiko tana cikin manyan masu sayen zoɓonmu. A kowane gidan abinci ka ce "agua de jamaica", zoɓo za a kawo maka da ƙanƙara, babu citta babu kanumfari.

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza, ofishin jakadancinsu yana Abuja. An daɗe ana yafe wa wanda yake da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Shengen, amma doka tana sauyawa, ka tabbatar a ofishin kafin ka yanki tikiti, ka kuma riƙe takardar gayyatarka a hannu. Jirgin Turkish Airlines yana zuwa birnin Meksiko da Kankun daga Istanbul.

Daga birnin Meksiko a yini ɗaya ba zai yiwu ba, nisan ya haura kilomita 1,000. Ka ware kwana biyu, ka hau jirgi zuwa Merida, tafiyar kusan awa 2. Daga nan Chichen Itza kilomita 120 ce. Akwai kuma Uxmal, kilomita 80 kudu da Merida, wadda ba ta da cunkoso ko 'yan talla a ciki, ƙawar gininta kuma a ganina ta fi. Yankinta tudu ne da ba shi da senote, shi ya sa mutanenta suka haƙa rumbunan ƙasa masu daɓe da ake kira chultun suna tara ruwan damina, fuskar Chaak kuma ta cika bangayen. In kana son ruwa, sai ka nufi Homún ko Cuzamá, kamar awa ɗaya daga Merida, inda a wasu wuraren doki ke jan amalanke a kan tsohon layin dogon gonakin rama ya kai ka bakin ramukan. Ka zaɓi tsakanin ƙarshen Nuwamba da Fabrairu in da hali. Afrilu da Mayu zafi yana kai digiri 40, daga Yuni zuwa Nuwamba kuma lokacin ruwa da guguwa ne. Ka riƙe kuɗin ƙasar, feso, a aljihu, domin ƙananan wuraren ba sa karɓar kati, ɗan rakiya da mai doki kuma suna sa ran tukuici.